Sunan da Ke Gefen Layin

Ranar Litinin da hantsi, Injiniya bai ko kai kofin shayi bakinsa ba sai ga kiran Darakta, shugabar kamfaninsu. Asibitin da ya fi kowanne jama'a cikin waɗanda suke yi wa aiki ne ya bugo mata yana faɗa. Mutum arba'in da uku, yawancinsu masu hawan jini da ciwon sukari, ba su je ganin likita a ranar da aka ba su ba, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce shi dai bai ga saƙo ba. Wata tsohuwa har maganinta ya ƙare, ta yi kwana tara tana jiran wayarta ta yi ƙara, ƙarshe ranga-ranga aka kai ta. Aiki ɗaya tak manhajarsu take yi a duniya, wato ta tura wa marar lafiya saƙo ana gobe zai ga likita, kuma shi ɗin ne ta gaza.

"Shekara huɗu abin nan yana tafiya lafiya lau," in ji Darakta. "Ni dai tun da kuka fara saka aikin sabuwar nan nake jin ƙorafi. Ka duba mini."

Darakta ba ta iya karanta ko layi ɗaya na rubutun manhaja, kuma ba ta taɓa yin da'awar ta iya ba. Ranta ne ya ɓaci, ta nemi inda za ta sauke. Amma wannan ce maganar farko da ta shiga kunnen Injiniya game da matsalar, ta kuwa tarar da wuri a share, ta samu gindin zama.

Su huɗu ne a ɗakin aikin, wani dogon ɗaki a hawa na biyu, saman shagon tayoyi, mai taga uku da na'urar sanyi da ke ɗiga cikin tsohon bokitin fenti. Injiniya shi ne babba. Bai taɓa karanta injiniyanci ba, mai gadi ne ya laƙaba masa sunan a makon farko, shi kuma bai ga dalilin yin gardama ba. Shi ya rubuta manhajar tun tana 'yar mitsitsiya, kuma yana son a san da haka. Sai Dogo, wanda ya koyi aiki a hannunsa, ya yi aure har da 'ya'ya biyu, amma bai daina duban fuskar Injiniya kafin ya yi dariya ba. Sai Kawu mai gwaji, dattijo mai furfura a gemu, wanda aikinsa shi ne ya lalata abin da sauran suka gina kafin ya je ya lalace a hannun mutane. Ba kawun kowa ba ne a wurin, amma babu wanda bakinsa zai iya kiran sa da wani sunan. Ta huɗu ita ce wadda Darakta ta kira sabuwar nan, su kuma suna ce mata Malama.

Malama ta yi shekara goma sha huɗu tana koyar da lissafi a sakandare. A ranakun hutu ta koya wa kanta rubuta manhaja da wata tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir, sannan tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya ta ajiye alli, dangi suna ta cewa ta yi wauta. An ɗauke ta gwajin wata uku. Ranar Alhamis gwajin zai cika, kuma Injiniya ne zai rubuta wa Darakta shafi guda, ya ce a riƙe ta ko a sallame ta. Ita ta sani, kowa ma a ɗakin ya sani.

Aka shiga neman matsala yadda aka saba. Dogo ya gwada a tasa kwamfutar, saƙo ya tafi, ya ɗaga hannu ya ce a wurinsa dai yana aiki, maganar da masu wannan sana'a suke faɗa da alfahari, sai ka ce marasa lafiyar za su riƙa zuwa teburinsu karɓar saƙo. Aka kashe babbar kwamfutar da manhajar take zaune a kai, aka kunna. Aka zagi kamfanin waya na tsawon awa guda, aka kira su, suka turo shaidar cewa duk saƙon da aka ba su sun isar, aka daina zagin ba tare da an nemi afuwa ba. Kawu ya ƙirƙiri marasa lafiya ashirin na ƙarya a rumbun gwaji, ya sa musu lambar wayarsa, wayar ta yi ƙara sau ashirin cif. Injiniya ya bi rubutun yana dasa 'yan alamomi, "na iso nan", "na iso nan ma", don ya ga inda tafiyar take yankewa. Ba ta yanke a ko'ina ba. Manhajar tana gama aikinta sai ta rubuta cewa komai ya tafi daidai, ko kunya ba ta ji.

Duk tsawon yinin, wuraren da Injiniya ya fi buɗewa su ne waɗanda Malama ta taɓa. Da za ka tambaye shi, sai ya ce maka tsari ne, abin da ya canza kwanan nan shi ake fara zargi. Kuma gaskiya ne, haka ake yi. Sai dai Dogo ma ya canza abubuwa a watan, shi kansa Injiniya ya canza, amma hannunsa bai kai can ba.

Talata da rana Malama ce ta samo bakin zaren. Ta buga sunayen mutum arba'in da ukun a takarda, ta zauna da jan biro tana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Jan biron nan kullum yana hannunta, in tana tunani sai ta riƙa ƙwanƙwasa shi a gefen tebur, abin da ke sa Injiniya ɗaure fuska ba tare da ya san dalili ba. Can ta ɗago ta ce ta lura da wani abu: duk cikinsu babu wanda lambar rajistarsa ba ta haura dubu ba. Ashe a watan jiya ne asibitin ya wuce mutum dubu.

Minti biyar bai cika ba Injiniya ya kamo shi. Layi na ɗari biyu da sha bakwai, a wani tsohon fayil, yana cewa a ɗauko sunaye dubu na farko, a duba masu ganin likita gobe. Duk wanda ya zo bayan dubu, a wurin manhajar ba a ma haife shi ba. Shi ya sa mutanen Kawu na ƙarya suka sha, domin a rumbun gwaji ko ɗari ba a kai ba.

To, masu wannan sana'a suna da wani kundi da ke riƙe tarihin kowane gyara da aka yi. In ka danna, sai ya nuna maka a gefen kowane layi sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe, da ranar da ya taɓa. Injiniya ya danna. Sunan Malama ne, kusan wata uku da suka wuce.

Abin kunya ne a faɗa, amma wani daɗi ya ji a ransa, irin na wanda ya ce za a yi ruwa aka kuwa yi. Ya juyo da allon yadda kowa zai gani.

Malama ta matso, ta gyara tabarau. "Injiniya, ina jin layin nan tarar da shi na yi, lokacin da ka..."

"Sunan wa ke gefe?"

"Nawa ne."

"To."

Ta koma kujerarta, ta ajiye biron, ta ɗora hannuwa biyu a kan cinya. Dogo ya sunkuyar da kai yana latsa abin da babu. Kawu ya shafa gemu. Gyaran kansa bai ci minti goma ba, aka cire iyakar, aka gwada, aka tura wa asibiti ban haƙuri.

Da la'asar Injiniya ya rubuta shafin. Ya ji daɗin kansa ƙwarai saboda irin adalcin da ya zuba a ciki. Ya ce mace ce mai ƙwazo, mai zuwa a kan lokaci, ba ta da hayaniya. Sai a ƙarshe ya ce aikin da ya shafi lafiyar jama'a yana bukatar hannun da ya fi nata ƙwari. Bai ambaci cewa ita ta gano bakin zaren ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, Allah ya sani, abin bai ma zo masa a rai ba.

Laraba da safe matarsa tana goge rigunan makarantar yara, shi yana ɗaure takalmi yana ba ta labari. Ta saurara har ya kai aya, sannan ta jingine dutsen guga.

"Baban yara, ka san duk sanda ka ce 'Malama' sai muryarka ta canza? Irin muryar da kake ba da labarin matar nan ta aji huɗu."

Labarin matar aji huɗu babu wanda bai haddace shi ba a gidan. Malamar lissafi ce mai jan biro, wadda ta taɓa ɗaga takardarsa a gaban aji ta karanta uku bisa ashirin da ƙarfi, ta sa aka tafa masa. Shekara talatin ke nan, amma har yau in ya faɗa sai kunnuwansa sun yi zafi.

Ya yi dariya ya ce mata ita dai ta cika fassara, aikin kwamfuta ba a yin sa da zuciya, lamba ce da hujja. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta juya rigar. Yana isa ofis, kamar mai son tabbatar wa wani da wani abu, ya tura wa Darakta shafin, kwana guda kafin lokaci.

Wajen ƙarfe sha ɗaya Kawu ya yafito shi. Teburin Kawu yana can ƙurya kusa da bokitin, cike da tsofaffin wayoyi bakwai da yake gwaji da su, wata da fasasshen gilashi, wata an ɗaure bayanta da roba. Ɗabi'arsa ce in an kama kuskure guda sai ya bi fayil-fayil yana neman 'yan uwansa, domin ya san wanda ya yi a wuri ɗaya da wuya bai yi a wani wurin ba. Ya kuwa samo ɗaya a fayil ɗin da ke haɗa rahoton wata: a ɗauko ɗari biyar na farko. A gefen layin, sunan Dogo.

Injiniya ko zama bai yi ba. "A'a, Dogo ba zai rubuta wannan ba. Bara ni na sa shi ya kwashe fayilolin nan zuwa sabon wuri, shi ya sa sunansa ya hau kansu. Koma baya mataki ɗaya, za ka ga mai shi."

Kawu ya koma baya. Sunan Injiniya ya fito.

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce ƙuruciya ce, lokacin asibiti biyu kawai gare su, wa ya yi zaton za a kai haka. Kawu bai taya shi dariyar ba. Ya jawo kujera da ƙafa ya ce ya zauna, ya rage murya yadda ko Dogo ba zai ji ba.

"Ɗana, kafin in rufe baki ka wanke Dogo. Kuma ka yi daidai, haka ake yi. Na jiya fa, na ɗari biyu da sha bakwai, ka koma baya?"

Injiniya ya san bai koma ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wani sabon ilimi Kawu ya kawo masa ba. Shi ne yake koya wa duk sabon da ya zo cewa sunan gefen layi ba shaida ba ne, na wanda ya taɓa ne, ba lallai na wanda ya rubuta ba. Kuma shi da bakinsa, a makon farko na Malama, ya ba ta aikin daidaita tsofaffin fayiloli, ta gyara tazara, ta jera layuka, kada ta canza ma'anar komai, don dai idonta ya saba da rubutun. Layi ya fi dubu biyu da sunanta ya hau ta wannan hanya. Duk ya san wannan ranar Talata. Sanin yana nan a kansa daram, bai dai tashi ya yi magana ba.

Ya jawo kwamfutar Kawu gabansa, ya buɗe tsohon fayil ɗin, ya koma baya mataki ɗaya. Sunansa ne, shekara huɗu da wata biyu, da ɗan bayanin da ya bari da hannunsa: "Na wucin gadi. Zan gyara gobe."

Kawu ya ce akwai saura, in zai iya ɗauka. Ya buɗe masa saƙon da Malama ta haɗa da aikin daidaitawar, ranar da ta miƙa shi. A ƙasa ta rubuta cewa ba ta canza komai ba kamar yadda aka ce mata, amma a layi na ɗari biyu da sha bakwai ta ga an tsaya a dubu, shin me zai faru idan asibiti ya wuce dubu? Ga kuma amsarsa a ƙarƙashi, gajeriya: "Ki tsaya kan abin da aka sa ki."

Tsohuwar nan ta faɗo masa a rai, ya gan ta a zaune da waya a hannu kwana tara. Da ya ba tambayar nan minti biyu, da ba ta kwanta a gadon asibiti ba.

Ya tambayi Kawu me ya sa bai yi magana tun jiya ba. Kawu ya ce ai shi ma jiyan da ya ga sunan ya yarda, kowa a ɗakin ya yarda, don an riga an nuna musu inda za su duba. Sai da ya hau mota zai koma gida abin ya riƙa sukarsa, yana cewa a ransa wanda ya rubuta dubu da hannunsa ba ya ɓata rabin yini da jan biro kafin ya tuna da dubu. Injiniya ya ce to me ya sa bai faɗa masa kai tsaye ba, sai da ya zagayo ta kan Dogo.

"Da na ce maka ka zalunce ta, da ka kawo mini hujja goma, kuma ka fi ni baki," in ji Kawu. "Na ga gara ka ji daga bakinka."

Injiniya ya koma teburinsa, ya buɗe duk aikin da Malama ta miƙo cikin wata ukun, da tsokacin da ya bar mata a kai. Kowane aiki tsokaci goma, sha biyar. Sunan nan ya yi tsawo. Bayanin nan ya yi yawa. Nan ba aji ba ne. Ya buɗe na Dogo a watannin, tsokacin kawai: "ya yi", "ya yi", "ya yi". Ya daure ya sake karanta nata kamar na wanda bai sani ba, sai ya ga aiki ne mai tsabta, a natse, kowane abu da dalilinsa a rubuce, wanda ya fi nasa na shekara huɗu nesa ba kusa ba. "Nan ba aji ba ne" ɗin nan sau uku ya rubuta shi a makonni daban-daban. A na ukun ne ya ji muryar matarsa, ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Bai taɓa zama ya ce a ransa matar nan tana tuna mini da wance ba. Da ya taɓa, da ya yi wa kansa dariya ya wuce. Abin ta ƙasa ya bi, ya riƙa tura masa hannu, shi kuma yana sa masa sunan hujja.

Ya ɗago ya dube ta. Tana can tana aiki, baya a miƙe. Sai yanzu ya lura kofinta ba ya kan tebur, ɗan matashin da take jingina da shi ma babu. Ashe ta fara kwashe kayanta.

Ofishin Darakta ɗan lungu ne da aka raba da katako. Ya tarar ta riga ta buga takardar sallama, tana kan tebur tana jiran sa hannu. Ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya faɗa mata komai a jere, layin nasa ne, matar ta yi tambaya tun makon farko ya gwale ta, ita ta gano matsalar jiya, shafin da ya turo da safe ba gaskiya ba ne ko da yake lokacin da ya rubuta ya ɗauka gaskiya ne. Maganar tana fita da ƙyar, don bai saba ba, amma ta fita.

Darakta ta tambaye shi me ya kai idonsa kanta tun farko. Ya ce laifinsa ne, amma tun ranar Litinin da ta ce masa tun da aka fara saka aikin sabuwar nan, hankalinsa bai bar wurin ba.

"Ni? Ni na ce haka?"

Ya maimaita mata kalma da kalma. Ta rantse ba ta tuna ba. Da ta matsa wa kanta, ta ce in ma ta faɗa, ƙorafin da take nufi na wani asibiti ne daban, kuma daga baya an gano intanet ɗinsu ne ya yanke. Suka dubi juna. Maganar da mai ita ta manta kafin ta ajiye waya, shi ya ɗauke ta a ka kwana uku, saura ƙiris ya raba mace da aikinta da ita.

Darakta ta ninke takardar ta jefa a kwandon shara. Ta ce ya je ya rubuto sabon shafi kafin la'asar, kuma shi da kansa zai kira asibiti ya tambayi jikin tsohuwar. Nasa laifin kuma, ta ce, za su zauna a kai wani makon, kada ya ɗauka ya sha. Ya ce ya yarda. Ya kira asibitin daga bakin ƙofa, aka ce masa jikin tsohuwa da sauƙi, har ta fara yi wa masu jinya faɗa a kan maganar buɗe taga. Ya yi hamdala, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

A gaban kowa ya kunyata ta, don haka ya ga a gaban kowa ya kamata ya gyara. Ya kira su, ya juyo da allon, ya nuna musu sunansa da alƙawarinsa na gobe mai shekara huɗu, ya nuna tambayarta da amsarsa. Sannan ya juya gare ta.

"Malama, na zalunce ki, ba jiya kaɗai ba. Ki yafe mini."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Jiya na so in tuna maka, sai na ga fuskarka ta riga ta gama magana," in ji ta. "Na yi shekaru ina duba jarrabawa, Injiniya. Na san yadda hannu yake sauƙi a takardar wani yaro, ya yi nauyi a ta wani, alhali amsa ɗaya suka rubuta. Ni ma na yi, wasu na gane, wasu har yau ban sani ba. Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya yi tsammanin faɗa, ko aƙalla shiru mai zafi, kuma ya san ya cancanci duka biyun. Da ta ba shi wannan maimakonsu, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Dogo ne ya cece shi, ya ce to shi yanzu ya gane, ashe shekara biyu "ya yi" ɗin da yake samu ba yabo ba ne, ba a karanta nasa ne kwata-kwata, a taimaka a riƙa dubawa kafin ya kashe wani. Karo na farko ya yi dariya bai jira fuskar Injiniya ba, kowa ya taya shi.

Kafin la'asar sabon shafi ya isa, Darakta ta fito da kanta ta miƙa wa Malama takardar tabbatar da ita a aiki. Malama ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode, ta karanta har ƙasa, ta nemi izinin minti biyar ta fita.

Bayan ɗan lokaci Injiniya ya fito zai sauka shago ya sayo ruwa. Yana kai kwanar bene sai ya ji muryarta a ƙasa, a ɗan lungun da ke bayan tarin tayoyi. Waya take yi da 'yarta, wadda take karatu a makarantar da Malama ta bari.

"Mamana, kina ji na? Takardar nan da na ba ki da safe, ta neman komawa koyarwa, kin kai wa shugaba?" Ta yi shiru tana saurare. "Ba ta shigo ba yau? Alhamdulillahi. To kar ki kai. A'a, ba gobe ba, kar ki kai gaba ɗaya. Sun riƙe ni, Mamana. Sun riƙe ni."

Muryar ta karye a na biyun. Daga inda yake tsaye yana jin ihun yarinyar yana fitowa ta cikin wayar.

Injiniya ya zauna a kan matakala. Tun safe takardar tana cikin jakar yarinya, tsakanin littattafai, yayin da shi yake nan sama yana jin daɗin adalcinsa. Bai taɓa jin godiya irin ta wannan lokacin ba. Ya gode wa Allah da ya sa aka riƙe masa hannu, ya gode wa dattijon da ya san yadda ake riƙewa ba tare da an karya ba, ya gode wa matar da ke kuka a ƙasa, wadda ta samu damar ramawa, ta karanta masa uku bisa ashirin a gaban aji, amma ta ƙi. Idonsa ya cika, bai hana shi ba.

Ya jira har ta gama, ta share fuska, ta fara dariya tana ce wa yarinyar ta daina ihu a titi. Sannan ya koma sama a hankali, ya yi gyaran murya, ya sauko yana taka benen da ƙarfi don ta ji zuwansa tun daga nesa.